Faifan da Ya Ƙi Fashewa

Assalamu alaikum Malam Edita, kai da masu karanta wannan shafi naka na ba da shawara. Ina gaishe ku, da fatan an yi girbi lafiya. Jaridarku tana iso mana nan Matamaye a hannun direbobin motocin gyaɗa, wani lokaci ta zo da tabon mai a jikinta, amma muna karanta ta har tallan sabulu. Kada ka buga sunana, kuma sunayen da zan ambata ma ba na masu su ba ne. Roƙona ɗaya ne, kada kowa ya yanke mini hukunci sai ya kai ƙarshen takardar nan. Wanda ya kai ƙarshe ya ga zagi ya dace da ni, ya zaga, amma ya haɗa da shawara, don zagi tsurarsa ba zai raba ni da abin da ke gabana ba.

Ni maƙeri ne, ɗan maƙeri, jikan maƙeri. A gidanmu akwai al'ada. In hauyar da muka ƙera ta karye kafin a gama noman shekara, manomi ba ya zuwa gida a ɓoye. Ranar kasuwa yake jira, ya zo rumfarmu ya jefa ta gaban uwar maƙera, ƙarfen da muke bugu a kansa, mutane na kallo. Baba zai ɗauka ya jujjuya ta, ya gane hannun wanda ya yi ta a cikinmu, ya karɓe masaba, gudumar ƙira, daga hannunsa ya nuna masa zugazugi. Ranar nan ba ƙira, zuga za ka yi ta yi har la'asar kamar sabon shiga. Sau ɗaya aka yi mini haka, da gemuna, na rantse ba za a sake ba, kuma hauyata ba ta sake dawowa ba. Da wannan aka raine ni, cewa ƙarfen da ya karye abin kunya ne ga wanda ya taɓa shi. Ku riƙe wannan a ranku kafin ku ji sauran.

Shekara biyu da suka wuce wani kamfanin Nasara masu haƙar rijiyar mai ya aiko mota ana ɗibar ma'aikata zuwa arewa, can cikin sahara, bayan Agadas da tafiyar kwanaki. Muka shiga ni da Ilu. Ilu taubashina ne, ɗan Gwaggo ƙanwar Baba, tun muna yara muke gardamar wane ne bawan wani, har yau ba a raba gardamar ba. Da muka isa aka tambayi sana'ar kowa. Ni aka sa ni ɗaure-ɗauren ƙarfe da gyaran kayan aiki, Ilu kuwa da yake ƙato ne aka sa shi murɗa famfuna.

Rijiyar mai ba irin ta ƙofar gidanku ba ce da sai an ja da guga. Ita in ta ga dama turowa take yi, iska da laka da mai su taso daga ƙarƙashin ƙasa da ƙarfin da ban taɓa ganin irinsa ba. In ta fara haka sai a rufe bakinta, a karkatar da abin da ke tasowa ta wani wuri a gefe da muke kira mararraba. Bututun ƙarfe ne da suka haɗu suka rarrabu, da famfuna masu kan murɗawa, da agogo mai allura da ke nuna ƙarfin turin. A tsakiya akwai wata matsattsiyar kafa, mu muna ce mata maƙogwaro, ita ke shaƙe turin ta riƙa sakin sa kaɗan-kaɗan. Kafin maƙogwaro bututun kauri gare shi, an shafa masa jan fenti an buga masa babbar lamba. Bayan maƙogwaro siriri ne, fentinsa rawaya, lambarsa ƙarama, shi ke kai laka rami. Wannan duka da idona na gane shi, ba wanda ya zaunar da ni ya ce ga ma'anar ja, ga ma'anar rawaya, ga abin da lambar ke nufi. Mu abin da ake faɗa mana bai wuce murɗa, saki, ɗauko, gudu ba.

A jikin siririn bututun nan akwai wani ɗan reshe, a bakin reshen ana ɗaure wani faifan ƙarfe, faɗinsa bai kai tafin hannu ba, kaurinsa kuwa bai fi na gwangwanin madara ba. Ɗaure shi aikina ne. Ranar da na fara riƙe shi na lanƙwasa shi da yatsu biyu, na ce a raina, ashe Nasara ma suna da ragwayen maƙera. Shef ɗinmu, wato shugaban aikinmu, wani Nasara ne da muke kira Jan Wuya, kuma yana da wata ɗabi'a. In iska ta juyo ta fara kai feshin laka wajen tantinsa, sai ya daka tsawa a rage famfon ƙarshe na ɓangaren rawaya. Sau biyu yana sa a yi haka faifan nan yana fashewa, laka ta yi ta ambaliya ta reshen, aiki ya tsaya rabin yini. Wa aka kama da laifi? Wanda ya sa a murɗa? Ina! Wanda ya ɗaure. A karo na biyu ya taho kaina da guntuwar Hausarsa, gaban Buzaye da Larabawa da 'yan garinmu.

"Kai maƙeri? Maƙeri banza! Kai ɗaure, shi fashe. Kai ɗaure, shi fashe!"

Ya sa hannu ya kaɓe mini hula ta faɗi cikin laka. Ina sunkuyawa in ɗauka, Ilu ya matso yana dariya ƙasa-ƙasa ya ce, "Bawana, hauyarka ta dawo. Ina zugazugin?"

Wasa yake yi, na sani, wasan da muka saba ne. Amma wallahi maganar nan ta fi mini zafi a kan hular. To ku gaya mini, ku masu karatu, maƙerin da aka ce ƙarfe ya fashe a hannunsa sau biyu, me zai yi? Ya zauna ya jira na uku? Washegari da hutun rana, lokacin da Nasara ke shiga tanti su kwanta, na ɗauko wani tsohon shebur na yanke bakinsa. A rumfar gyara akwai ƙaramar maƙera mai zugar da ake juyawa da hannu, na kira Ilu ya juya mini.

"Me muke ƙerawa?" ya ce.

"Murfin butar shayi."

"Buta ɗaya, murfi uku?"

"Kai dai juya, tun yaushe bawa ya fara tambayar ubangidansa?"

Ya yi ta juyawa da hannun damansa yana rera mini zambo, ni ina bugu. Uku na yi. Ba yabon kai ba, ban taɓa yin aiki mai kyan wannan ba. Na daidaita faɗinsu da na Nasara, na goge su da magagari, na bi da yashi da toka har suka yi sheƙi iri ɗaya, na kwaikwayi lambar da ke bakinsu na buga. Sai ka ɗora a tafin hannu ka auna nauyi za ka san ba ɗaya ba ne. Na ɗaure ɗaya a reshen. Biyun na sa su cikin takardunsu a akwatin kayan canji, na zubar da ragwayen nasu biyu a yashi, don duk wanda zai ɗaure a bayana ya sami na kirki. Alheri na ɗauka na yi, Allah shi ne shaidata.

Mako biyar ba abin da ya fashe. Jan Wuya har ya dafa kafaɗata wata rana ya ce, "Maƙeri, yanzu da kyau." Sai wata safiya da hantsi rijiya ta turo, turin da ba mu taɓa gani ba. Aka rufe baki aka karkatar ta mararraba, iska kuma ta juyo wajen tanti, Jan Wuya ya daka tsawar da ya saba, Ilu ya kama famfon ƙarshe ya rage. Laka mai kauri ta toshe 'yar kafar da ta saura. Ina tsaye ina kallon agogo, allura ta hau, ta kai inda faifan Nasara ke fashewa, ta wuce. Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, kuma shi ya fi ci mini rai: da allurar nan ta wuce, daɗi na ji. Ƙirjina ya cika, na ce a raina, ka ga aikin gidanmu. Ban gama jin daɗin ba bututun rawaya ya tsage daidai inda Ilu yake riƙe. Ƙarar ta jefar da ni ƙasa. Da na tashi na tarar da shi kwance cikin laka yana kallon hannun damansa, abin da ya rage daga wuyan hannu zuwa ƙasa ba ya kiruwa hannu. Ni na goya shi zuwa tantin magani, jininsa na bin bayana, yana ce mini, "Bawana, kada ka kayar da ni, ka san ba ka da ƙarfi."

Aka ɗauke shi a jirgin sama zuwa asibiti, aka yanke hannun. Reshen da faifaina ke ciki ya tsinke ya faɗa ramin laka ya nutse, ba wanda ya tono shi. Bayan kwana huɗu wani babban injiniya ya sauka, ya zagaya, ya yi rubuce-rubuce, sa'an nan ya tara mu duka, ya buɗe akwatin nan ya zaro faifai ɗaya. Gabana ya faɗi, amma nasu ya zaro. Ya ɗaga shi sama, tafinta na juya mana maganarsa.

"Wannan don ya fashe aka yi shi. Jan bututu yana ɗaukar turi mai yawa, rawaya ba ya ɗauka, lambar da ke jikin kowanne iyakarsa ke nan. In turi ya shiga rawaya ya nemi ya fi ƙarfinsa, wannan zai riga shi fashewa, laka ta zube a rami, mutum ya tsira. Da gangan aka yi shi siriri."

Ya ce a ganinsa busasshiyar laka ce ta toshe reshen shi ya sa faifan bai yi aikinsa ba, kuma mai murɗa famfo ya wuce kima. Jan Wuya yana tsaye bai ce ni na sa shi ba. Ni ma ina tsaye ban ce ni na canja ba. Aka rubuta laifi a kan Ilu, wanda ba ya nan balle ya kare kansa, aka sallame shi daga aiki.

To nan ne nake so ku tsaya, ku masu shirin zagina. Maganar injiniyan nan gaba ɗayanta ba ta kai tsawon shan kofin shayi ba. Wata goma sha ɗaya na yi a wurin nan ina ɗaure abin da ran mutane ke rataye a kansa. Me ya hana a faɗa mini ita ranar farko? Harshen tafinta ne ya yi ciwo? Ko mu ba mu kai a yi mana bayani ba sai jininmu ya zuba? An ɗauki maƙeri, an ba shi ƙarfen da ke fashewa, an zage shi don ya fashe, an kaɓe masa hula, sa'an nan a yi mamaki don ya ƙera wanda ba ya fashewa? A duk ƙasar Damagaram a nuna mini maƙeri ɗaya da ubansa ya taɓa koya masa cewa akwai ƙarfen da kyansa ya karye. Ban yi ha'inci ba, ban yi lalaci ba, ban sayar da kayansu ba. Gwaninta na yi, ita ce ta ci hannun ɗan'uwana. Na ɓoye, i, wannan laifina ne kuma ina jin kunyarsa har cikin ƙashina. Amma ba zan ɗauki kayan Jan Wuya in haɗa da nawa in ce duka ni ne ba. Ba zan yi ba.

Za ku ce me ya hana ni kwashe biyun da suka rage. Na gwada. Tun ranar injiniya ya sa aka garƙame akwatin da kwaɗo, mabuɗi a wuyan shef, kuma aka ce daga yau Nasara ne kaɗai zai ɗaure faifai. Sau uku ina zagaya rumfar kaya da hutun rana, na tarar da mai gadi zaune a bakinta. Kafin in sami dabara wa'adin aikinmu ya cika, aka zuba mu a mota, su kuma suka naɗe kayansu suka koma wata sabuwar rijiya, da akwatin da komai. Na dawo gida na ce wa raina wataƙila sun lura, wataƙila sun zubar, wataƙila akwatin ya faɗi a hanya. Shekara guda ina ciyar da kaina da wataƙila.

A shekarar nan kullum Ilu yana rumfarmu. Ba ya iya noma, sai ya zo ya zauna a kan turmi yana tsokanata yana sa masu jiran lauje dariya. Mutanen gari suna ce masa wanda ya murɗe famfon Nasara, har masu zuwa daga Kurni da Dungu sun san sunan, shi kuma ya yi dariya ya ce ai ƙarfinsa ne ya yi yawa. Amma in aka kawo tuwo sai ya tashi. Ba ya sa hagu a akushin mutane, sai a zuba masa nasa daban ya koma bayan rumfa ya ci da cokali shi kaɗai, mutumin da a da in ya sa hannu a kwano sai kowa ya yi sauri. Gwaggo kuwa duk Juma'a sai ta aiko mini da fura, wai tukuicin goyon ɗanta da na yi. Ina sha. Me zan ce, in mayar mata?

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wannan. Kamfanin nan sun sake aiko wakili, wani mutumin Yauri da muka yi aiki tare, yana rubuta sunayen masu son tafiya in an gama cinikin gyaɗa. Sani, ƙanen Ilu, magidanci mai 'ya'ya biyu, ya ba da sunansa, don gidansu hannu ɗaya ya ragu, bakuna ba su ragu ba. Da yake shi ma ƙato ne, wakilin ya ce a mararraba za a sa shi. Kuma wakilin nan mai surutu ne, ya zauna a zauren su Ilu ya ba su labarin injiniya da faifai tiryan-tiryan, labarin da Ilu bai taɓa ji ba don yana asibiti aka yi shi. Washegari da safe Ilu ya same ni ni kaɗai ina hura wuta. Bai ce bawana ba. Sunana ya kira, sunan yanka, abin da rabon da in ji a bakinsa tun muna yara.

"Uku muka yi," ya ce.

"Uku me?"

"Murfin butar shayi. Ni na juya maka zuga, da hannun nan. Ɗaya ya ci hannuna. Ina biyun?"

Na miƙe na ce masa ya je ya tambayi Jan Wuya wanda ya sa shi murɗa famfo, na ce ya je ya tambayi wanda ya kaɓe mini hula, na ce shi ma da bai yi mini dariya ranar nan ba da ba a kai nan ba. Haka na faɗa wa mutumin da na raba da hannunsa, ban ɓoye muku ba. Ya bar ni na gama tsaf, sa'an nan ya ce, "Ban tambaye ka hannuna ba, wannan ya tafi. Sani nake tambayarka." Ya juya ya fita.

Na auna kowace hanya. In rubuta wa kamfani ba suna? Ni Hausa na iya rubutawa, su Faransanci suke karantawa, mai rubuta wasiƙa na ƙofar ofishin Kumandan mai mulkin gari kuwa abin da ya shiga kunnensa da safe yana kasuwa kafin azahar. Ko ta isa, wa zai buɗe akwati saboda takardar da ba ta da mai ita? In gaya wa Sani ya duba? Lebura ne, wa zai bar shi ya taɓa akwatin da mabuɗinsa ke wuyan shef? In hana shi tafiya, to ɗan wani za a sa a gurbinsa, shi ba uwa ce ta haife shi ba? Hanya ɗaya ce na ga tana ɓullewa, in je da ƙafata in ce ni na ƙera, ga yadda za ku gane su, ku auna nauyi. In na yi haka an wanke Ilu, amma ni gidan kaso na Damagaram ne, sunan rumfarmu ya zube, Gwaggo ta san furar wa take damawa. Jan Wuya kuwa ko hularsa ba za a taɓa ba. Wannan ne ke tsaya mini a wuya, in tafi ni kaɗai, shi yana can yana daka wa wani tsawa.

Ranar kasuwar da ta wuce rumfa cike take, Baba na zaune a gefe kan buzunsa, ina tsakiyar bugun garma, sai ga Ilu. Ya ratsa mutane ya tsaya gabana, ya kwance tsumman da yake naɗe dungulmin hannunsa da shi, ya ɗora dungulmin a kan uwar maƙera. Mutane suka fashe da dariya, sun ɗauka wasan taubasai ne, wani har yana cewa a ƙera masa sabo. Baba bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon hannun nan, ya ɗago ya kalle ni, sa'an nan ya taso da kyar ya zare masaba daga hannuna ya nuna mini zugazugi. Bai tambaye ni komai ba, har yau bai tambaya ba. A da zugar yini ɗaya ce, wannan karon kwana shida ke nan bai mayar mini da masabar ba.

Malam Edita, har yanzu ina nan a kan bakana, ba ni kaɗai na yanke hannun Ilu ba, kuma duk wanda ya ce ni kaɗai ne ban yarda ba har gaban Allah. Amma faifai biyun da ke cikin akwatin nan ba Jan Wuya ya ƙera su ba. Ni na ƙera su, na san aikina, kuma na san ba za su fashe ba. Buhunan gyaɗa sun fara raguwa a filin awo, Sani ya riga ya kai takalmansa an yi musu sabon ɗinki.

Jama'a, me zan yi?